Amsa ga mai tambaya kan maganin shiɗewar yaro

'Yar uwa, da na karanta cewa ɗanki mai shekara ɗaya da rabi yana shiɗewa idan ya yi kuka har leɓɓansa su yi baƙi, kuma kina neman maganin da za ki ba shi, sai da gabana ya faɗi, domin da wannan 'yata ta yi fama.

Ranar da ta fi tayar mini da hankali, yayanta ne ya ƙwace mata kofi. Ta tsala ihu, sai muryar ta ɗauke, baki a buɗe amma babu numfashi, ta sandare a hannuna, idanu suka kakkafe, sannan ta yi laƙwas. Abin bai kai minti ɗaya ba, amma wallahi na ɗauka ta rasu. Makwabta suka sheƙa mata ruwa, wata ta nemi tura mata cokali a baki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani mai kemis da ko ganin yarinyar bai yi ba, ya ce wa babanta farfaɗiya ce, ya sayar masa da maganin farfaɗiya mai suna Phenobarbitone. Ta koma yini tana barci tana tangaɗi, shiɗewar kuwa tana nan. Har yau ban yafe masa wannan gangancin ba.

Likitan yara ne ya bayyana mana cewa maganin farfaɗiya ba ya hana irin wannan shiɗewar, wadda takan fara daga wata 6 ta kuma wuce kafin shekara 6. Ya sa aka auna jininta, aka kuma yi gwajin bugun zuciya, sai aka gano ƙarancin sinadarin ayan (iron) a jininta. Ya rubuta maganin ƙarin jini na ruwa daidai da nauyinta, ta sha wata 3, abin ya yi ta raguwa har ya daina. Ya ce akan gwada wani magani mai suna Piracetam idan shiɗewar ta yi tsanani, amma mu ba mu kai ga haka ba.

Don Allah kada ki sayi maganin ƙarin jinin da kanki, ki bari a auna shi tukuna, musamman idan mai sikila ne. Kada ki haɗa masa maganin da shayi ko madara, ruwan lemu ya fi. Kashinsa zai yi baƙi, kada ki tsorata. Ki ɓoye kwalbar nesa da yara, domin shan sa da yawa guba ne. Idan ya shiɗe, ki kwantar da shi ta gefe, kada a jijjiga shi. Idan kuwa ya wuce minti ɗaya, ko ya suma ba tare da kuka ko firgita ba, ki garzaya da shi asibiti. Allah Ya ba shi lafiya.