Amsa ga ƙanwar da ke son koyar da jinya ta hanyar zane a jami'a

Assalamu alaikum ƙanwata. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa, don ba amsar layi biyu take buƙata ba. Kin ce kin gama digirin farko a fannin zane-zane, kin yi hidimar ƙasa kina koyar da yara a sansanin 'yan gudun hijira, yanzu kina son zama malamar jami'a mai haɗa jinya ta hanyar zane da aikin walwalar jama'a, amma kin rasa wanda za ki fara kamawa, ga mutanen gida suna cewa ba karatun da ake cin abinci da shi ba ne. Hanyar nan ita na biyo, yau shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa.

Ki fara da walwalar jama'a. Jami'a ba ta ɗaukar mutum haka kawai, sashe ne yake neman malami, shi kuma sashe yana tsayawa ne a kan kwas ɗin da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da shi. Walwalar jama'a tana da sashenta a jami'o'i irin su Nsukka da Ibadan, a wasu wuraren kuma tana ƙarƙashin nazarin zamantakewa. A ƙarshen 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta kula da masu wannan aiki a Najeriya, sannan a watan Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ke nan gurbin aiki da kujerar koyarwa suna wannan ɓangaren. Da yake digirinki na zane ne, akasari za a ce ki fara yin difloma ta gaba da digiri kafin mastas. Kada ki ɗauke ta ɓata lokaci. A nan za ki koyi rubuta rahoton mutum, da dokar kare yara, da sanin lokacin da matsala ta fi ƙarfinki ki miƙa ta ga likita.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da na fi so ki ji, domin a kansa na yi kuskuren da har yau yake damuna. Ina sabuwa, ban da komai sai digiri da zafin son taimako, na tara mata kusan ashirin a wani sansani da ke wajen Maiduguri, na raba musu takarda da fensir mai launi, na ce kowa ta zana garin da ta baro. A zatona hira ce za ta ɓarke. Wata dattijuwa ta zana katanga da bishiyar darbejiya, ta kai hannu za ta zana ƙofar gida, sai jikinta ya ɗauki rawa. Ta fashe da kukan da ban taɓa jin irinsa ba, wasu uku suka bi ta. A bakin ƙofar nan aka kashe ɗanta tana kallo. Ni kuwa ina tsaye da kwalin fensir, ban san abin da zan ce ba, ban san yadda ake rufe zama irin wannan ba, ban kuma tanadi wanda zan kai ta wurinsa ba. Washegari maƙwabciyarta ta ce min ba ta runtsa ba. Na fama mata ciwo, kuma ba ni da abin ɗaurewa. Daga ranar na daina kiran abin da nake yi jinya, sai da na je na koyo.

Lokacin da na tashi nema, sai da na fita waje. A Ingila mastas ne na shekara biyu ga mai karatu cikakken lokaci, ana yin sa a wurare irin su Goldsmiths da ke Landan da jami'ar Hertfordshire. Za su nemi ki nuna zanen hannunki, da shaidar kin yi aiki da mutane masu rauni, don haka hidimar da kika yi a sansani jari ce. Kina karatu kina zuwa asibiti ko makaranta kina aiki ƙarƙashin mai duba aikinki, kuma dole ke ma ki riƙa zama da naki mai jinyar har ki gama. Wannan sharaɗin ya yi min nauyi da farko, don ba mu saba zama gaban baƙo muna buɗe cikinmu ba, amma shi ya fi komai amfanata. A can doka ta hana mutum kiran kansa da sunan wannan sana'a sai yana da rajista da HCPC, hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya irin waɗannan. Ki lura da maganar kuɗi tun yanzu: tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa, na mastas ɗin shekara ɗaya ne, bai dace da wannan ba. A da, idan mutum ya riga ya zama ma'aikacin jami'ar gwamnati, ƙofar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, tana iya buɗe masa don karatun waje, amma an dakatar da wannan tallafin a farkon 2025. Jami'ar Johannesburg a Afirka ta Kudu ma tana koyar da fannin, ki duba ta.

Za ki haɗu da sunaye uku tun makon farko. Adrian Hill, mai zane ɗan Ingila, shi ya raɗa wa fannin suna a 1942 bayan ya yi jinyar tarin fuka ya ga yadda zane ya riƙe shi. A Amurka, Margaret Naumburg tana ganin zane hanya ce ta fito da abin da baki ya kasa faɗa, sai a tattauna shi. Edith Kramer kuwa, wadda ta gudo daga Turai a 1938 ta yi aiki da yara masu damuwa, tana ganin aikin hannun kansa shi ne maganin. Da na dawo gida, na tarar hanyar Kramer ta fi shiga da mutanenmu, saboda kunya da kara ba sa barin mace ta zauna cikin taro tana fassara zuciyarta. Kuma kada kowa ya ce miki abin baƙo ne a ƙasar nan. A farkon shekarun 1950 Ulli Beier, wani malami Bajamushe, yana kai wa masu taɓin hankali kayan zane a Lantoro da ke Abeokuta, a 1954 kuma Dakta Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya fara tsarin ƙauyen Aro, inda majinyaci ke zama cikin jama'a tare da ɗan'uwansa.

Wani abin da ba a koya min a can ba shi ne batun zana mai rai. Iyaye da yawa ba sa so, kuma ba na jayayya da su. Ba sai an zana mutum ake samun abin da ake nema ba. Da mata nakan fara da zanen lalle a takarda ko saƙar faifai, da yara maza kuma zayyana irin ta allon sauka, ko dagin Arewa, ko kwaɓa yumɓu. Hannu yana aiki, ido yana kan kaba, sai ki ji magana ta fito da kanta ba wanda ya tambaya. Rabin abin da na rubuta a digirin digirgir daga kan tabarmar nan ya fito.

Sai maganar ƙarin girma, inda nan ne mai fanni biyu yake shan wuya. Matakan kin san su: mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, har zuwa farfesa, kuma daga tsakiya ba ki motsawa sai da digirin digirgir da takardun bincike. An taɓa mayar min da takarduna daga wani kwamiti, wani ya ce wannan aikin 'yan zane ne, wani ya ce na likitoci ne, shekarun da na yi a sansani kuwa ba a ba su maki ko ɗaya ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Abin da na yi daga baya shi ne raba ƙafa da gangan: mafi yawan rubutuna nakan kai mujallun walwalar jama'a da masu tantancewa suka sani, kaɗan kuma mujallun jinya da zane don in ci gaba da magana da 'yan fannin. Ki nemi mai duba digirinki daga walwalar jama'a ko ilimin halayyar ɗan Adam, wanda zai tsaya miki a ɗakin taro.

Amma don Allah, duk matsin neman takardu, kada ki bar fita wurin mutane. Na ware ranar Laraba ban sa lacca, ina zama da rukunin zawarawa da marayu, kuma ɗalibai suna gane malamin da ya zauna da mutum jiya da wanda yake karanto musu littafi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, wurare ne da za ki iya neman a bar ki ki koyi aiki kusa da likitoci da ma'aikatan jinya.

Abu biyu da za ki iya farawa a makon nan. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta kowane zama da kika yi da yaran nan, kwanan wata da awa nawa da abin da ya faru, ba tare da sunan kowa ba, don masu ɗaukar ɗalibai za su tambaye ki. Zanen yaran kuma nasu ne. Kada ki ɗauki hotonsa ki sa a Facebook ko a takardar bincike sai da yardar yaron da ta mai riƙonsa. Ga Baba kuwa, ki nuna masa takardar shiga diflomar walwalar jama'a tukuna, ita ce zai fi saurin ganewa. Allah Ya yi miki jagora.