Na san ma'anar kalmomin, amma ina faɗuwa a cike gurbi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Nan da wata uku zan zauna jarrabawar Ingilishi ta Cambridge B2 First. Kullum ina haddace sababbin kalmomi ashirin da fassararsu ta Hausa, amma idan na gwada tsofaffin tambayoyi, da ƙyar nake cin uku cikin takwas a sashen farko. Abin haushin, duk zaɓin huɗun na san ma'anarsu. Me zan gyara? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ai kin faɗi cutar da bakinki. Sashen farko na takardar karatu da amfani da harshe ba ma'ana kaɗai yake gwadawa ba. Guraba takwas ne, kowanne da zaɓi huɗu masu ma'ana kusan ɗaya, kuma abin da ake so a gani shi ne ko kin san wacce ce take zama lafiya da maƙwabtanta a jimlar. Haddar kalma ita kaɗai da fassararta ba ta koyar da wannan.

Dubi yadda Hausa take jefa mu a rami. Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan wahala, duk da "sha" guda. Bature kuwa *drink water* zai ce, amma *take medicine*. Haka "yi": kuskure *make a mistake* ne, aikin gida *do homework*. Ruwan sama mai ƙarfi *heavy rain* ne, alhali iska mai ƙarfi *strong wind* ce. Wanda ya rubuta a littafinsa cewa *strong* tana nufin "mai ƙarfi" bai yi ƙarya ba, amma zai zaɓe ta a inda ba wurinta ba. Ga kuma Turancin da kunnenmu ya saba da shi a Najeriya, irin su *discuss about* da *borrow me your pen*. Duka biyun kuskure ne a wurin masu gyaran wannan jarrabawa: *discuss* ba ta ɗaukar *about*, mai bayar da aro kuma *lend* yake yi.

Saboda haka ki rage ashirin ɗin nan zuwa takwas ko goma a rana, ki canza yadda kike rubuta su. Kowace kalma ta shiga littafi da cikakkiyar jimlar da kika tsince ta a ciki, da ɗan harafin da yake bin ta, kamar *depend on*, *accuse of*, *succeed in*, da kuma siffar aikatau ɗin da yake biyo baya, domin *avoid* tana ɗaukar *doing*, *refuse* kuma *to do*. Sau da yawa wannan ɗan harafi da ke bayan gurbin shi yake tona asirin amsa. Idan kika ga *of* bayan gurbi, kuma zaɓin ya haɗa da *blamed* da *accused*, magana ta ƙare, don *blame* da *for* take tafiya.

A ƙasan jimlar ki jera dangin kalmar, saboda sashe na uku. Can za a ba ki tushe da manyan baƙaƙe ki juya shi ya dace da gurbin: *succeed, success, successful, unsuccessfully*. Abu biyu ne suke cinye maki a nan. Na farko mantuwa da kishiyar ma'ana: nahawu ya yarda da *responsible*, amma labarin yana neman *irresponsible*, kuma ba za ki gane ba sai kin karanta sakin layin gaba ɗaya. Na biyu rubutu. Harafi ɗaya ya kauce, makin ya tafi, don haka ki kula da irin su *argument* da ba ta da *e* bayan *u*, da *strength* da *belief*.

Sashe na huɗu ma rabinsa kalmomi ne, ko da yake kama da nahawu yake yi. Tambayoyi shida ne, kowacce maki biyu, za ki sake gina jimla da kalma biyu zuwa biyar, ciki har da kalmar da aka bayar, ba tare da an canza siffarta ba. Idan aka ce an soke wasa aka ba ki *CALLED*, *was called off* ake nema. Ki riƙa koyon irin waɗannan bibbiyu: *postpone* da *put off*, *tolerate* da *put up with*. Ki tuna *didn't* kalma biyu ake ƙirga ta.

Kada ki ɓata kuɗi wajen neman "jerin kalmomin B2" na hukuma. Cambridge tana fitar da jeri ga jarrabawowinta na ƙananan matakai, wato A2 Key da B1 Preliminary, amma ba ta yi wa B2 First. Abin da zai amfane ki shi ne English Vocabulary Profile, wanda yake nuna matakin kowace ma'ana ta kalma, kyauta a intanet.

Wajen maimaici, ki koma kan kalmomin yau gobe, sannan bayan kwana uku, mako guda, da mako uku. Ki rufe kalmar ki cike jimlar daga ka, domin sake karantawa kawai ruɗi ne, ido yana ganewa amma hannu ba ya iya kawowa. Manhajar Anki tana tsara wannan da kanta idan kin fi son waya.

Duk mako ki yi gwaji ɗaya da agogo a gabanki. Takardar duka minti 75 ce, sassa bakwai, tambayoyi 52, saboda haka kada sashen farko ya ci miki fiye da minti goma. Bayan kin duba amsa, ki ɗauki zaɓi ukun da ba daidai ba ki rubuta wa kowanne jimlar da zai dace da ita. Tambaya ɗaya ta zama darasi huɗu ke nan. A ranar jarrabawa kada ki bar gurbi fayau, domin ba a rage maki a kan amsar da ba daidai ba.