Kafin ki sayi kayan ado, ki fara da labule da fitila

'Yar'uwa, na karanta tambayarki: kin koma sabon gida, kuɗin hannunki ba su da yawa, kina so falonki ya yi kyau, kuma kina shirin farawa da furannin roba da 'yan kayan ado na kan tebur. Don Allah ki ɗan dakata. Ta nan na fara, na kuma sha da-na-sani.

Shekarata ta farko, duk abin da na gani mai ƙyalli sai na ɗauko. Kowane ɗaya da araha, amma da na zauna na yi lissafi, kuɗin sun isa fentin falon gaba ɗaya. Kuma ɗakin bai yi kyau ba, sai ka ce shagon sayar da tarkace. Ranar da na kwashe komai na zuba a kwali don in yi goge-goge, na tsaya daga bakin ƙofa na ga falon ya fi kyau a haka. Ban mayar da ko rabinsu ba. Ana cewa araha ba ta ado, ni kuwa abin da na gano shi ne yawan kaya ya fi araha ɓata ɗaki.

Inda kuɗina suka yi amfani sosai shi ne labule. Yawancinmu muna kafa sandar labule daidai kan taga, sai ɗakin ya yi kamar an danne shi. Ki sa a ɗaga sandar sama, aƙalla santimita 15 zuwa 20 bisa taga, ko ma kusa da silin, kuma ta wuce tagar da kamar santimita 20 ta kowane gefe. Labulen ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa, kada ya tsaya a tsakiyar bango kamar wandon da ya yi wa yaro kaɗan. Sai batun faɗi, wanda nan ne ake yawan yin rowa: yadin ya ninka faɗin sandar sau biyu, in da hali biyu da rabi, don ya yi tattara. Yadi mara tsada mai launi ɗaya, in ya wadata, ya fi yadi mai tsada da aka ja shi ya miƙe kamar zanin gado. Ni yadin na sayo na kai wa tela, ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai fitila. Ki duba jikin kwalin ƙwan lantarki, za ki ga lamba da harafin K. Mai 6500K haskensa fari ne fat, yana fito da duk wani tabon bango, yana mayar da falo kamar ɗakin asibiti. Mai 2700K zuwa 3000K shi ne mai ɗan ruwan ɗorawa, mai sanyaya ido. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60. Kuma kada ki dogara da fitila ɗaya tal a tsakiyar silin. Ki ƙara ƙarama guda a lungu ko kan tebur, da dare ki kashe ta sama ki gani.

Fenti, in mai gida ya yarda, ki zaɓi mara sheƙi, domin mai sheƙi yana tona asirin bangon da ba a shafe shi daidai ba. Lita ɗaya takan rufe kamar murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, kuma shafa biyu za ki yi. Ki gwada launin a ɗan gefen bango, ki kalle shi da safe da kuma dare kafin ki sayi bokiti. Launi uku sun isa ɗaki: babba ya ci kusan kashi 60, na biyu 30, mai ɗaukar ido 10, a jikin matasan kujera misali.

Kujerunki kuwa, in katakonsu lafiya lau ne, kada ki canza. Sabuwar riga kawai suke buƙata. Kafet dai ban yarda da ƙarami ba, wanda ke yawo shi kaɗai a tsakiyar ɗaki. Ko dai ya kai ƙafafun gaba na kujeru su hau kansa, ko ki haƙura ki bar ƙasan a goge har ki tara kuɗin babba. Ni wata bakwai na yi babu kafet, ba wanda ya taɓa tambayata.

Hoton bango ma mutane suna kai shi can sama kusa da silin. Tsakiyarsa ya kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai ido. Babba guda ɗaya ya fi ƙanana shida a warwatse. Wayoyin talabijin kuma ki ɗaure su ki ɓoye a bayan kanta, su ne suka fi ba ni haushi in na shiga falo mai kyau.

Ki auno mini faɗi da tsayin tagoginki, da tsayin bangon daga ƙasa zuwa silin, in lissafa miki yadin da za ki saya.