Hoton kaza cikin ciyawa ba shaida ba ne

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kin sayo ƙwai a wani kanti nan Gombe, jikin kwalin ga kaza tana kiwo cikin ciyawa, an rubuta wai na kajin sake ne, shi ya sa ya fi na kiret tsada, kina son sanin ko gaskiya ne.

Shekarata takwas ina kiwon kajin ƙwai ta bayan Tumfure. Kwali dai, abin da mai kaya ya ce shi mai bugawa zai buga. Ki dubi ƙwan kansa. Na kazar Hausa ƙarami ne, kuma da ta yi goma sha wani abu sai ta shiga kwanci. Kajin gidan gona irin su ISA Brown kuwa daga mako 18 zuwa 20 suke fara ƙwai, su yi wajen 300 a shekara. In kin ga duk girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, na gidan gona ne. Jan gwaiduwa ma kada ya ruɗe ki, jar masara ko ganyen zogale a abinci na kawo shi, ko da kazar ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Ni da keji na fara. Uku ko huɗu a gurbi ɗaya, tsaye kan waya dare da rana, ba miƙe fiffike, ba birgima cikin ƙura, gashin wuya duk ya zube saboda gugar ƙarfe. Wani zafin Afrilu na tarar da su baki buɗe suna haki, kafin la'asar na kwashe matattu. Daga nan na sauke su ƙasa kan ɓuntun shinkafa. To nan ma ba aljanna ba ce: in aka cunkusa su, warin kashi har hawaye yake sa mutum, su kuma su yi ta saran juna.

Tarayyar Turai ta hana irin wancan matsattsen kejin tun 2012, kuma lamba suke bugawa a ɓawon ƙwai, 1 na sake, 3 na keji.

Ke dai ki tambayi mai kantin sunan gonar, ki ce kina son leƙawa. Ki kuma ji ko suna dakatar da sayarwa in kajin na shan maganin cuta, wannan ma ya fi damuna. In ya fara kame-kame, ki sayi na kiret ki riƙe canjinki.