Kamfai mai tsotse fitsari: in zuba kuɗin adashina duka?

Wata 'yar kasuwa mai shago a Taminus, cikin garin Jos, ta aiko da tambaya: "Kayan mata na ciki nake sayarwa da audugar mata. Masu jego da dattijai kan ja ni gefe su tambaya ko ina da abin da zai tare musu ɗigar fitsari in sun yi tari ko atishawa. Wani dila ya turo mini hoton kamfai mai tsotse ruwa, wanda ake wankewa a sake sawa. Na ɗauki adashi naira 400,000. In zuba duka?"

Hajiya, kada ki zuba duka. Masu buƙata suna nan, tunda har sun danne kunya sun tambaye ki, amma kuɗi ba ya juyawa da sauri a wannan kaya. Mai sayen audugar mata duk wata sai ta dawo. Wadda ta sayi kamfan nan kuwa, in mai kyau ne, za ki yi watanni ba ki sake ganin kuɗinta a kansa ba. Don haka ribar kowane ciniki sai ta yi kauri, kuma kullum sai kin samu sabuwar fuska. Ki ware kashi 1 cikin 4, wato naira 100,000. A ce guda ya iso shagonki a naira 4,000 har da kuɗin mota da dako, guda 25 ke nan, abin da zai ishi mata 8 in kowacce ta ɗauki 3. Wannan ya isa ki gane bakin kasuwar.

Kuma kada ki yi cinikin biri a sama. Hoto a WhatsApp ba ya nuna abin da kaya zai iya. Ki sa dilan ya kawo samfuri, ki juya cikinsa. Mai kyau hawa uku ne: na sama da ke janye danshi daga fata, na tsakiya da ke riƙe ruwan, da na ƙasa da ke hana shi ratsawa zuwa zani. Ki sayi sirinji a kemis, ki shimfiɗa kamfan a kan farin ƙyalle, ki zuba masa ruwa gwargwadon mililita da aka rubuta a jikin leda, a zuba ɗaya, ba ɗis-ɗis ba. Bayan 'yan mintoci ki danna da tafin hannu, ki duba ƙyallen, musamman wajen ɗinkin cinya, don nan ne ya fi tsiyaya. Sai ki wanke shi sau da yawa ki sake gwadawa. Wani a wankin farko jarumi ne, a na goma ya zama tsumma.

Dalilin zubawa a lokaci ɗaya shi ne, da yawa daga abin da dillalai ke kawowa kamfan al'ada ne. Jinin al'ada yana da kauri, a hankali yake sauka. Fitsari ruwa ne tsararo, farat ɗaya yake zuwa, ga zarni. In leda ba ta ce na fitsari ne ba, kada ki sayar da shi da wannan sunan.

Girma ma kan ci jari. Kayan Sin kan zo ƙanana, abin da suka rubuta XL na iya matse matsakaiciyar mace a nan. Kwastomominki kuma mafi yawa waɗanda suka haihu ne. Ki ajiye tef na tela ki riƙa auna ƙugu, ki fi saro manya, baƙaƙe. Tunda kamfai ba a mayar da shi in an sa, wadda ba ta tabbatar da girmanta ba ta fara da ɗaya.

Ki tuna a Jos kike. Da damina, balle watan Agusta, kaya mai kauri na iya kwana a igiya bai bushe ba, ga shi mata da yawa ba za su shanya wannan a tsakar gida ba. Shi ya sa 3 ne mafi ƙaranci: ɗaya a jiki, ɗaya a shanya, ɗaya a ajiye. Ki koya musu wanki: a ɗauraye da ruwan sanyi da zarar an cire, a wanke da sabulu, ban da bilic, ban da ruwan sa tufafi laushi, ban da guga. Wadda ta goge nata ta ƙone shafin da ke tare ruwan, kuma ke za ta zarga.

Wajen sayarwa, kada ki rataye shi a ƙofar shago. Ba wadda za ta tsaya a Taminus tana taya kamfan fitsari mutane na wucewa. Ki sa sanarwa a WhatsApp, ki naɗe shi a leda marar rubutu, kuma yarinyar shago ta iya bakinta. In maganar kwastoma ɗaya ta fita unguwa, kin rasa sauran.

Akwai cinikin da za ki ƙi. Kamfan nan na ɗiga kaɗan ne, kuma ba magani ba ne. Macen da fitsari ke zubo mata dare da rana bayan doguwar naƙuda, wannan alamar yoyon fitsari ce, aiki ake yi, kuma akwai cibiyarsa a asibitin Jankwano a nan Jos. Wadda ke jin zafi ko ganin jini in tana fitsari ita ma likita za ta gani.

Sauran naira 300,000 ki bar su a kayan da kika san suna tafiya. Ki riƙa rubuta girman da ya fara ƙarewa da koken da aka kawo miki. In kashi 2 cikin 3 ya fita a wata biyu, kuma wasu sun dawo ƙari ko sun turo 'yan'uwansu, sai ki ninka sari na gaba, ki nemi dilan ya rage miki a dozin.