Amsar tambayarka kan ɗaukar hoto a Norway

To yaro, na ga saƙonka tun jiya, hidimar biki ce ta riƙe ni. Ka ce Alhajin da kake wa hoto zai tafi da kai Norway a watan Fabrairu, Tromso da tsibiran Lofoten, kana tambaya ko kyamarar shago za ta iya ɗauko koren hasken nan mai rawa a sama da daddare, aurora, ko sai an sayi sabuwa. Ba sai an sayi komai ba, kyamara lafiyarta ƙalau, hannunka ne zai canza. Oto ɗin nan, saitin da kyamara ke yi wa kanta, da ka saba da shi a wajen biki ka bar shi a filin jirgi.

Hasken can daban ne. A Tromso daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ko leƙowa ba ta yi, a Fabrairu ta dawo amma ƙasa-ƙasa take bi, shi ya sa hasken la'asar sakaliya da muke rububi a nan kafin magariba ta cinye shi, can sai ka wuni da shi a kan duwatsu. Sai dai dusar ƙanƙara tana yaudarar kyamara, in ta ga fari fat sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, hoto ya fito toka-toka. Ka ƙara mata haske da kanka, +1, ka duba, in bai yi ba ka ɗan ƙara.

Aurora kuwa sai da ƙafar kyamara, mai ƙafa ukun nan, hannu ba ya riƙe wannan aikin komai natsuwarka. Ka koma manuwal, wato saiti da hannunka, ka buɗe lens, gilashin gaban kyamara, iya buɗewarsa, f/2.8 in ya kai, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 1600 zuwa 3200, shota ta zauna a buɗe daƙiƙa 5 zuwa 15, in kuma ka ga hasken na gudu da sauri ka sauko 2 ko 3 in ba haka ba duk ya cakuɗe ya zama koren hazo. Fokos da hannu za ka yi, ka nemi tauraro mai haske ka murza har ya zama ɗan ɗigo, ka sa taima ta daƙiƙa 2 don kar yatsanka ya girgiza ta, filasha kuma a kashe. Wani lokacin da ido za ka ga abu fari-fari kamar gajimare, ɗauki dai, kyamara ta fi ka ganin koren. Ku fita bayan gari nesa da fitilu, ka riƙa duba manhajar hasashen yanayi ta Yr don hadari, kuma dan Allah kar ka yi wa Alhaji alkawarin zai gani, gajimare na rufewa shi ke nan an yi asarar daren.

Kar ka ɗauko sama zalla, sama zalla kowa ma yana da ita. A ƙauyukan Hamnoy da Reine na Lofoten ga jajayen ɗakunan masunta a bakin ruwa, duwatsu tsaye ƙiƙam a bayansu, ka sa su cikin hoton. Lokacin ma ake fara rataye kifi a kan manyan katakai iska ta busar da shi, shi ne fa busasshen kifin nan da ake kawowa Najeriya 'yan kudu ke miya da shi, kawunan ma yawanci nan suke zuwa. Warin kam sai haƙuri amma hoton na da kyau.

Batir sanyi na shanye shi nan da nan, ka tafi da ƙari ka sa a aljihun ciki jikin fatarka. Kuma kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi ka saka kyamarar a leda ka ɗaure tun a waje, ka bar ta ta ɗumama a hankali a ciki, in ba haka ba za ta yi gumi irin na kwalbar lemo da aka fito da ita daga firij, ruwan har cikin lens. Ka biyo shago gobe ka karɓi ƙafar kyamarar, mu gwada saitin da daddare a kan taurari kafin tafiya.