Yadda ake kawo matsin tsakiyar duniya ɗakin gwaji

Ƙanena, ka tambaya yaya masana suka san halin da ƙarfe yake ciki a tsakiyar duniya alhali ba wanda ya taɓa zuwa can, kuma ko ɗalibin fiziks a nan Kumasi zai iya shiga fannin.

Zuwa dai ba a yi. Ramin Kola na Rasha, wanda ya fi kowane zurfi, kilomita 12 ne da ɗoriya, tsakiyar duniya kuwa ta wuce kilomita 6,300. Shi ya sa ake kawo matsin ɗakin gwaji. Daimon biyu ake samu, irin dutsen da ake haƙowa a Akwatia, a feƙe bakinsu, a sa ƙwayar ƙarfe da ba ta kai kaurin gashin kai ba a tsakani, a riƙa ɗaure kusoshin da ke matse daimon biyun sannu sannu. Tun da bakin tsini ne, ɗan ƙarfin hannu sai ya zama matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu sau miliyan. Na tsakiyar duniya kusan ninki miliyan 3.6 ne. Leza ta gasa ƙwayar ta cikin daimon ɗin, hasken eksire ya ratsa ta, wasu zobba su fito a allo, daga su ake karanta yadda ƙwayoyin zarra suka jeru.

Bayan na gama jami'ar KNUST ta Kumasi na yi 'yan makonni a Girenobul ta Faransa, inda babbar na'urar nan mai fitar da hasken eksire mai ƙarfi, ESRF, take. A darena na biyu garaje ya sa na ƙara ɗauri, sai na ji ƙas! Daimon ya tsage, aikin kwana biyu ya tafi. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Akwai kuma masu dukan abu da leza kai tsaye, a ɗauki hoton kafin ya tarwatse. Da haka a 2017 a Kalifoniya aka ga roba irin ta farin mazubin tekawe ta fitar da ƙananan daimon, abin da ake zaton yana faruwa a cikin duniyar Neftun.

Shiga fannin kuwa, za ka iya, amma sai da tafiya, domin Afirka ba ta da na'ura irin ESRF tukuna, ko da yake an yi taro a kanta a Akra a 2019. Ka riƙe darasin kiristal da lissafin karkacewar eksire, ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Ni a can, karatun zobban nan ne ya fi ba ni wuya, ba ɗaure kusoshi ba.